An ƙi biyan yayana diyyar hannunsa da inji ya ci, shikenan mun rasa?

Wani ƙaninmu ne ya turo tambayar daga wani ƙauye a yankin Bunkure, bari in taƙaita ta. Yayansa ya shekara huɗu yana aiki a wani kamfanin casar shinkafa, bara bayan babbar sallah bel ɗin inji ya fizgi hannunsa na dama, yatsu uku suka tafi, sauran biyun kuma sun sandare ba sa lanƙwasuwa. Sun yi kwana tara a asibiti kuɗi suka ƙare, aka dawo gida aka ci gaba da magani wajen mai ɗori. Daga baya suka cike fom na NSITF, hukumar gwamnatin tarayya da ke biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a wajen aiki, sai ga takarda da turanci mai kwanan wata 10 ga Maris wai ba za a biya ba, don ba a kai rahoton hatsarin a kan lokaci ba, kuma takardar likitan da suka haɗa ba ta gamsar ba. Manya a gida sun ce a haƙura a bar wa Allah. Shi kuma yana tambaya ko akwai sauran abin yi.

Toh ƙanina, da farko dai Allah ya ba yayanka lafiya, ya sa kaffara ce. Amsar a gajarce ita ce ba shikenan ba ne, akwai sauran hanya, kuma ba alfarma ba ce, doka ce ta buɗe ta. Amma hanyar tana da ƙofa kuma ƙofar tana da ranar rufewa, shi ya sa zan fara da maganar kwanan wata kafin komai.

Na yi shekara goma sha tara a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfani a Sharaɗa kafin in yi ritaya in dawo gida in rungumi fartanya, fayil irin na yayanka sun bi ta hannuna ban san adadi ba. Abin da ya fi kashe su wallahi ba mugunta ba ce kuma ba rashin gaskiya ba, lokaci ne. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na shekarar ta maye gurbin tsohuwar ta 1987, sashe na 55 ya ce duk wanda hukuncin hukumar bai yi masa ba yana da damar ya rubuta mata ya nemi ta sake duba maganar cikin kwana 180 daga ranar hukuncin, in ya wuce haka ya rasa damar. Ka lura da kyau, daga ranar hukuncin, ba daga ranar da takardar ta iso hannunku ba, ba kuma daga ranar da kuka samu ɗan boko ya karanta muku ba. Na ƙirga maka, kwana 180 daga 10 ga Maris ya faɗa 6 ga Satumba. Kai ma ka san yadda Agusta take a wajenmu, kowa yana gona, hanya ta yanke, kuɗin mota ya tafi a taki, kullum sai a ce bari a gama noma na biyu, kafin ka ankara an shiga kaka ƙofa ta rufe. Ka ɗauki gawayi ka rubuta ranar a bangon ɗaki, sannan ka sa wa kanka cewa takardarku za ta shiga kafin ƙarshen Yuni, tun ruwa bai zauna sosai ba.

Maganar manya da suka ce a bar wa Allah, ba zan ce sun yi kuskure ba wajen haƙuri da ƙaddara, hannu dai ya tafi ba mai dawo da shi. Amma ka fahimtar da su cikin ladabi cewa kuɗin nan ba sadakar gwamnati ba ce, ba kuma ƙarar wani kuke yi ba. Doka ta ɗora wa kowane mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar, daga aljihunsa ba daga albashin ma'aikaci ba, takanas saboda rana irin wannan. Wato an riga an tara, da sunan su yayanka aka tara. Kuma ba ƙaramin abu ake magana ba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada, doka ta ce a riƙa ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda nakasarsa ta wani sashe ce kamar yayanka, kashi 90 na abin da aka kiyasta ya yi asara a samunsa. In buga maka misali kawai don ka gane, mai ɗaukar dubu 70 da yanzu sai dai gadi na dubu 30, asararsa dubu 40 ce, kashi 90 ɗinta dubu 36 ke nan. Su ne za su yi nasu lissafin bayan likitansu ya auna nakasar, amma kaga ai ba abin da za a yafe ba ne ga mai mata da ƴaƴa, ga kuma kuɗin magani da hannun roba in ana buƙata, duk dokar ta tanada.

Yanzu ga inda mutanenmu suke faɗuwa. In aka ce a rubuta takardar neman sake dubawa sai a je wajen mai rubutu a bakin sakatariya ya zuba shafi uku na roƙo, wai talaka ne, ƴaƴansa bakwai, mahaifiyarsa tsohuwa ce, a dubi Allah a dubi Annabi. Duk gaskiya ne, amma ma'aikacin da zai buɗe fayil ɗin ko ya tausaya har ya yi hawaye ba shi da gurbin da zai rubuta tausayi a ciki. Dalili biyu suka ba ku, dalili biyun nan za ku amsa, kowanne da shaidarsa a maƙale. Ba ƙari.

Na farko, wai an makara da rahoto. A nan akwai lokuta guda uku da ake cakuɗa su. Ma'aikaci ko wani nasa zai sanar da mai kamfani cikin kwana 14 da faruwar abin. Mai kamfani shi kuma zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Sannan shi fom ɗin neman diyya a shigar da shi cikin shekara ɗaya, in akwai wani uzuri na musamman da ya hana kuma hukumar ta gamsu, har shekara uku ana iya karɓa. Ku dai fom ɗinku bai kai shekara ba, saboda haka ba nan matsalar take ba. In kwana 14 ɗin suke nufi, toh sashe na 4 na dokar da kansa ya ce rashin sanarwar ba ya kashe maganar in mai kamfani ko wakilinsa ya riga ya san abin da ya faru. Dan Allah mutum inji ya ci hannunsa a tsakiyar kamfani da rana tsaka, aka kashe inji, jini har ƙofa, a ce manaja bai sani ba? Wa ya ɗauke shi zuwa asibiti, motar wa aka shiga, wa ya biya kuɗin kati da ledar ruwa ta farko? In akanta ya turo ko naira dubu biyar ce ta waya a makon, alat ɗin nan shaida ce, a je banki a fitar da sitetimen na watan a buga masa hatimi. In sufabaiza ya zo dubiya ko ya turo saƙon murya ta WhatsApp yana jaje, kar a goge. A samu abokan aikinsa biyu da suke wajen su rubuta abin da suka gani da rana da lokaci su sa hannu da lambar waya, kuma shawara ta ita ce ku nemi waɗanda suka riga suka bar kamfanin, don wanda yake ciki yana tsoron tuwonsa, za ka ga ya yi ta yi maka gobe-gobe har ka gaji. In kuma kwana 7 ɗin ne ba a cika ba, wannan nauyin kamfani ne ba na yayanka ba, ku rubuta haka ƙarara, mutum yana kwance a gadon asibiti ba zai ɗauki laifin ofishin da ya yi barci da takarda ba.

Na biyu shi ne babba, takardar likita. Ina iya rantsuwa ban gan ta ba amma na san yadda take, rabin shafi ce, an rubuta an kwantar da wane ranar kaza an sallame shi ranar kaza yana samun sauƙi. Wannan takardar sallama ce ba rahoton nakasa ba. Abin da suke so su gani shi ne me ya sami hannun, ta yaya, waɗanne yatsu aka yanke kuma daga wace gaɓa, sauran suna motsi ko ba sa yi, zai iya damƙe abu, hannun da yake aiki da shi ne ko ɗayan, kuma likita yana ganin zai dawo ko ya tafi ke nan. Kalmar nan ta ƙarshe, cewa nakasar ta dindindin ce, ita ce ke raba kuɗin ƴan watanni da kuɗin shekaru.

Saboda haka tafiya biyu ce a gabanku. Ku koma asibitin farko da tsohon katinsa, ku je sashen ajiye fayil ku nemi cikakken rahoto daga fayil ɗinsa, akwai ɗan kuɗin da ake biya, ku biya a wajen kashiya ku karɓi rasit, kar ku miƙa wa kowa a baranda. Sannan ku je asibitin ƙashi na Dala likitan ƙashi ya duba hannun yadda yake yau, a yi sabon hoto, a rubuta muku rahoto a takarda mai kan asibiti da hatimi da sunan likita. Ku gaya masa tun farko don me kuke so, likita in ya san takardar diyya ce ya san abin da zai auna. Kuma yayanka ya daina jarumta a gaban likita. Mu Hausawa ko mutum yana mutuwa aka ce ya jiki sai ya ce da sauƙi alhamdulillahi, na sha ganin likita ya rubuta da sauƙin nan a fayil ta zama hujja a kan mai ita. Ya yi godiyarsa ga Allah sannan ya faɗi gaskiya, ba ya iya riƙe fartanya, ba ya iya ɗaure tazuge, da hagu yake cin tuwo yanzu, buta ma sai an riƙe masa, in sanyi ya sauko ba ya barci.

Zancen mai ɗori kuma kar ku ɓoye. Za su ga giɓi a tsakanin ranar sallama da yau, in ba ku cike shi da gaskiya ba za su cike shi da zato. Layi biyu ya isa, kuɗi ne suka ƙare, kamfani bai ci gaba da biya ba, aka koma gida. Yatsun dai a asibiti aka yanke su tun kafin a je wajen kowa, fayil zai nuna.

Akwai abu biyu da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, don sun fi cin mutanen ƙauye. Ɗaya suna. Na taɓa riƙe fayil ɗin wani bawan Allah da ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa, wata biyar yana yawo, ashe a rajistar kamfani an rubuta shi da sunan da ake kiransa da sunan garinsu, a katin asibiti ƙaninsa ya ba da sunan yanka da na kakansu, a katin ɗan ƙasa kuma wani rubutun daban. A wajenmu kowa ya san Garba shi ne Abubakar, Audu shi ne Abdullahi, Sale shi ne Salihu, amma a wajen mai duba fayil mutum uku ne. Ranar da ya zo min da takardun a cikin ledar burodi ya zazzage su a kan tebur, ɗaya gara ta ci gefenta, ɗaya da tabon manja, na jera su na nuna masa da biro, sai ya riƙe baki ya ce yallaɓai duk ni ne. Na ce na sani, takarda ce ba ta sani ba. Maganinsa bai fi awa biyu ba, takardar rantsuwa a kotu cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne. Ka jera takardun yayanka yau da daddare ka duba harafi-harafi, har da sunan da ke asusunsa na banki.

Ɗayan kuma abin da aka faɗa wa nas a ranar farko. Wani lokaci a ruɗe ɗan rakiya zai ce hatsari ne kawai sai a rubuta hatsarin hanya, wani lokacin kuma, Allah ya kyauta, daga kamfanin ake raɗa wa mutum ya ce a gida ya ji ciwo wai don kar a rufe musu inji. In kun karɓo rahoton kuka ga an rubuta wani abu da ba inji ba, kar ku taɓa shi da biro, kar ku roƙi kowa ya canza, wannan zai mai da gaskiyarku ƙarya. Ku bar shi yadda yake, ku yi bayani a takardarku, shaidun nan biyu da likitan ƙashi su faɗi nasu, don raunin bel ba ya kama da na faɗuwa a babur.

In kuma an taɓa kiran yayanka ofis an ba shi wani abu a ambulan ya dangwala yatsa a takarda cewa ya yafe komai, kar gabanku ya faɗi. Sashe na 13 ya ce yarjejeniyar da ma'aikaci zai sarayar da diyyarsa ba ta da ƙarfi a doka. Haka in aka ce muku ai shi lebura ne na kullum ba shi da takardar ɗaukar aiki, dokar ta haɗa har da na wucin gadi da ɗan koyo, sai dai ku nemo abin da zai nuna yana aiki a wajen, katin shiga, alat na albashi, hotonsa da rigar kamfani, ko littafin da ake kiran suna da safe.

Ita takardar kanta shafi ɗaya zuwa biyu ta isa, da turanci, a buga ta a kwamfuta. Sunansa, lambar fayil da ke saman takardar da suka aiko, kwanan watan hukuncin, cewa yana neman a sake duba shi a ƙarƙashin sashe na 55, dalili na ɗaya ga amsarsa ga shaida, na biyu haka, sai jerin abin da aka maƙala, ya sa hannu ko ya dangwala. Duk abin da za ku ba su fotokwafi ne, na asali yana gida cikin leda cikin akwati, sai in sun ce a kawo su gani da ido. Ku yi kwafi biyu ku kai ofishin NSITF na Kano da ƙafarku, su karɓi ɗaya su buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayar. Kar ku baro wajen ba hatimin nan ko za ku wuni a benci, kuma kar ku ba wa kamfani ya kai muku, kar ku ba ɗan kamasho da zai ce yana da mutum a ciki. In ranar ta matso rahoton Dala bai fito ba, ku shigar da takardar haka nan ku rubuta cewa rahoton yana tafe, shigarwar ce ke tsayar da agogo.

Daga nan su ma doka ta ba su kwana 180 su yanke. Duk wata ka leƙa ko ka kira, ka rubuta ranar da wanda kuka yi magana da shi a bayan kwafinka. In shiru ya yi yawa akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, tana da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ko sisi, takarda ɗaya daga wajensu takan tayar da fayil ɗin da ya yi barci. In suka sake ƙi, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana zama a Kano, ita doka ta ba wa hurumin wannan, ba kotun majistare ba, ba ta shari'a da ke garinku ba, kar ku ɓata kuɗin mota. A nan kam sai da lauya, ku fara gwada ofishin Legal Aid, lauyoyin gwamnati da ke tsaya wa marasa ƙarfi. Kuma in wani lauya ya zuga ku ku maka kamfanin a kotu tun yanzu, ku tambaye shi tukuna me hakan zai yi wa fayil ɗinku na hukumar, don dokar ba ta yarda a ci ta baki biyu a kan rauni ɗaya ba.

Abu ɗaya da nake so ka tambaya ranar da kuka je, ko kamfanin yana da rajista da su kuma yana zuba kasonsa. Tunda har sun buɗe fayil sun amsa muku da waɗannan dalilai, alama ce mai kyau, amma ka ji daga bakinsu. In ta bayyana ba ya biya, toh akalar maganar ta juya kan mai kamfanin, ka dawo min mu sake zama.

Wasu za su ce muku ku je ku yi rajistar masu buƙata ta musamman a ba shi tallafi. Ku yi, ba laifi, maƙwabtanmu Jigawa a zamanin Gwamna Sule Lamido suka fara ba nakasassu alawus na wata, akwai kuma dokar tarayya da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 da ta hana nuna musu bambanci. Amma wannan rijiya daban waccan daban, kar neman ɗaya ya shagaltar da ku har Satumba ta yi.

Ranar zuwa Dala ku kama motar farko bayan asuba don layin kati yana cika da wuri, ku tafi da tsohon hoton ƙashin in yana nan, da katin ɗan ƙasa, da ɗan abin kari. Kuma ka lallashi yayanka ya je da kansa ko da ya ce ya gaji da nuna hannunsa ga mutane, na san yadda suke ji, da yawa har aljihu suke cusa shi in sun shigo ofis. Ka zauna kusa da shi, in likita ya ce ya jiki ya fara cewa da sauƙi, ka taɓa shi a gwiwa.